Gurbin MaNcube

Maganar farko da Zenzo ya yi wa Nomalanga ba ta soyayya ba ce. Cewa ya yi, "Baiwar Allah, taimaka ki cire awarwaron nan, makirfo na kama ƙararsu."

Wata Asabar ce da hantsi, a ɗakin bayan gidan gwaggonsa da ke unguwarmu ta Mzilikazi, a shekarun da wutar lantarki ke leƙo Bulawayo kamar baƙon da bai zo kwana ba. Ɗakin nan shi yake kira situdiyo: kiret ɗin ƙwai manne a bango, katifa jingine a taga, firijin gwaggo a kashe har sai an tashi. Ita kuwa mahaifinta ta rako, Baba Mlilo, tana riƙe masa akwatin saksafon. Shekara arba'in tsohon yana busa jaz tare da abokansa biyu, mai ganga da mai gita, ba a taɓa naɗar waƙarsu ko ɗaya ba. Yanzu numfashinsa ya fara gajarta, kowa ya san in ba a yi bana ba, sai dai a ba da labari.

Ta zare awarwaron ɗaya bayan ɗaya tana hararsa. "Numfashi fa? Shi ma in cire?"

"A'a, shi ki bar shi, amma a hankali."

Ta so ta daure, dariya ta ƙwace mata. Daga nan aka rasa gane kan yaron nan, sau biyu yana danna abin da ba shi ba ne.

Asabar shida suka yi suna zuwa. In an ɗauke wuta, tsofaffin su zauna gindin mangwaro suna musun wanda ya fi iya rawa a zamaninsu, su kuma Zenzo da Nomalanga su laɓe bayan hirar wayoyin na'ura. Kafin Asabar ta uku saƙonni sun fara kai da kawo.

"Mai Awarwaro, yau sau goma na saurari waƙa ta uku. Ba don kiɗan ba, akwai inda kika yi atishawa."

"Sarkin Shiru, ashe haka kake aikin? To kar ka goge, ita ce gudummawata."

Wanda abin bai yi wa daɗi ba shi ne Vusa, saurayin da ke kaɗa musu fiyano. A hannun Baba Mlilo ya koyi kiɗa, tsohon "ɗana" yake ce masa, unguwa kuma ta daɗe da ɗaura musu aure da Nomalanga a baki, ba tare da kowa ya tambaye ta ba.

Akwai wata waƙa tasu, Ruwan Disamba, wadda a tsakiyarta duk suke tsayawa cak, a yi shiru na ƙirge takwas, sannan su ci gaba. Mu da muka taso a nan mun san dalili. Shi Zenzo ɗan Gweru ne, bai shekara biyu da zuwa ba. Da ya zauna gyaran sauti, shirun ya dame shi, sai ya tambayi Vusa.

Vusa ya ɗaga kafaɗa. "Tsufa ne, abokina. Mantawa suke yi. Ka rufa musu asiri."

Shi kuwa da zuciya ɗaya ya yanke gurbin, ya haɗe bakin waƙar tsaf har ba ka gane an taɓa. Har yana jin daɗin aikinsa, bawan Allah. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ranar sauraro ɗakin ya cika. Da aka zo wajen, waƙa ta wuce sumul babu tsayawa. Baba Mlilo ya miƙe a hankali.

"Ina ka kai ta?"

"Wa, Baba?"

"Matata, MaNcube. Nan take shiga da muryarta. Shekara shida da rasuwarta ba mu taɓa taka mata gurbi ba, kai ka zo da injinka ka share ta kamar datti." Ya ɗauki hularsa. "Na ga take-takenka da 'yata. Wanda ya yanke uwa ba zai samu 'ya ba. Nomalanga, mu tafi."

Kwana tara ba ta amsa kiransa ba. A na goma saƙo ya shigo.

"Ban ce da gangan ka yi ba. Amma shirun nan shi kaɗai ya rage mana na Mama. Da ka tambaye ni."

Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. "Na yi kuskure, kuma ba zan jingina shi ga kowa ba. Ban taɓa jefar da asalin naɗi ba. Ki ba ni kwana biyu, rabin raina."

Da ya buɗe asalin, ya mayar da ƙirge takwas ɗin, sai ya ji kamar shirun ba fanko ba ne. Akwai makirfo guda da yake ratayawa kusa da ƙofa don ya kama iskar ɗaki, daidai inda Nomalanga ke zama. Ya ɗaga sautinsa kaɗan kaɗan. Can ƙasa, siririyar murya ce ke bin waƙar baki a rufe. Ashe duk shekarun nan ita ke rera wa uwarta gurbin a maƙogwaro, ba wanda ya taɓa ji, don kunnuwan tsofaffin ƙarar kiɗa ta riga ta cinye su.

Ranar Lahadi bayan an taso coci ya je gidan, ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, ban zo neman komai ba. Na zo mayar da abin da na ɗauka."

Tsohon bai ce ya shigo ba, bai kuma kore shi ba. Zenzo ya miƙa masa abin sauraro, ya sa a kunne. Da aka iso gurbin, sai ya dafe abin sauraron da hannu biyu.

"MaNcube," ya ce a hankali. "Yaro, a ina ka samo ta?"

"Ba ita ba ce, Baba. Ga ta nan bayanka riƙe da tire."

Ya juya ya dubi 'yarsa kamar ranar ya fara ganinta. Ita kuwa hawaye take yi. Sau uku ya sa a maimaita masa, sannan ya share fuska da hularsa.

"Hannun da ya yanke shi ya ɗinke. Tashi, gwiwarka za ta yi ciwo. Ka ce wa kawunnanka ƙofata a buɗe take."

Vusa da kansa ya je ya faɗa wa tsohon gaskiya daga baya, don ya ji Zenzo bai ambaci sunansa ba, kunya ta hana shi sakat. Ya sha faɗa, amma shi ya kaɗa fiyano ranar biki.

A watan Disamba aka yi auren, ana yayyafi. Ango da kwat ɗinsa ya bar kujera ya je yana gyara makirfo, gwaggonsa na yi masa tsawa. Da aka zo gurbin Ruwan Disamba, kiɗa ya tsaya, zauren ya yi tsit kamar kullum. Sai Baba Mlilo ya sauke saksafon daga bakinsa, ya gyaɗa wa amarya kai. Ta buɗe murya ta rera, hannunta cike da awarwaro suna ƙara, Sarkin Shiru bai ce uffan ba.

"Allah Ya yi muku albarka," in ji tsohon, ya dafa kawunansu. "Ku riƙa tambayar juna kafin ku yanke komai."

Bayan shekara biyu shi ma ya bi matarsa. Faifan yana nan a gidaje da yawa na Mzilikazi, ya sha hannu har ya kakkarce. Har yau in aka sa shi aka zo ƙirge takwas ɗin nan, ko yara sun san ba a magana.