Mai Rabon Lamba a Ƙarƙashin Bene

Gab da magariba Manaja ya kira Injiniya, wai intanet ɗin ofis ta sake tsayawa. Injiniya da ke kan hanyar gida ya juya babur yana huci. Da safen nan matarsa ta ce ya mai da gida masaukin baƙi, in yau ma bai ci abinci da yara ba, kada ya ƙara yi mata magana.

"Ranka ya daɗe, akwatin nan ne ke ba kowace kwamfuta lambar adireshinta," ya ce wa Manaja. "Aro yake bayarwa. Wadda ta daɗe ba ta nan, sai ya ba wata lambarta."

"Ban kira ka karatu ba. Gyara, ko in nemo wani."

Zuciya ta ɗebi Injiniya, ya fizge wutar akwatin, fitilunsa suka mutu. Ya kunna kwamfuta ɗaya. Ta nemi lamba.

Aka ba ta.

Ashe akwai wani mai rabon a ginin. Ya bi wata tsohuwar waya mai ƙura har sito na ƙarƙashin bene, yana zagin duk ɗan iskan da ya jona ta. Warin ƙonanniyar roba da na jiƙaƙƙen gashi ya tare shi. Wayar ta shige cikin bango. Babu na'ura. Sai ƙas, ƙas, kamar farce a kan ƙarfe.

"Tun kafin a yi ginin nan nake rabo," wata murya ta raɗa masa daga bangon. "Bar wayar nan."

Da mai hankali ne, da ya gudu. Injiniya kuwa haushi ya rufe masa ido, ya zaro almakashi ya datse wayar.

Numfashi mai zafi ya sauka a ƙeyarsa.

"Kai ma ka daɗe ba ka nan."

Ƙofar siton ta fara rufuwa. Da ƙyar ya kutsa, ta cinye masa gefen riga.

Ya isa gida, ya buga ƙofa.

"Wane ne?" in ji matarsa.

"Ni ne, buɗe."

Ba ta buɗe ba.

"Malam, ka yi ɓatan gida. Baban yara yana ciki yana cin abinci."

Daga ciki ya jiyo tari irin nasa sak, ya jiyo yaransa suna dariya.

Intanet ɗin ofis ba ta ƙara tsayawa ba. Injiniya kuwa kullum da magariba yana tsallaken titi, ransa a ɓace, yana jiran ranar da wancan da aka ba gurbinsa zai daɗe a waje. Har yau wancan bai taɓa makara ba.