Ledar da Angus Ya Bari a Bakin Gada

A unguwarmu da wuya ka wuce gida uku ba ka ji kare yana haushi ba. Mutanenmu suna ji da karnukansu ƙwarai. Suna yi musu wanka, suna kai su wurin likita, wasu har rigar sanyi suke saya musu. Abin da ba sa so shi ne kwashe kashin da karen ya yi a hanya.

Angus ɗan aji biyar ne a makarantar firamare. Yana da wani jan kare mai suna Rusty. Ran da aka kawo Rusty gida, babansa ya kafa masa sharaɗi.

"Kai za ka riƙa fita da shi kowace safiya. Abin da ya yi a hanya kuma, kai za ka kwashe."

"Na yarda, Baba!" in ji Angus. A ranar ko dutse aka ce ya ɗauka, cewa zai yi ya yarda.

Gaskiya Angus ba ƙazami ba ne. Kullum akwai korayen ledoji ɗaure a igiyar Rusty. In Rusty ya tsuguna, sai Angus ya zura hannu cikin leda, ya kwashe, ya ƙulle bakinta. Sai dai kwandon shara yana can nesa, kusa da filin ƙwallo. Ledar kuma ga ɗumi, ga wari.

Sai ya lura da abin da manya suke yi a hanyar bakin rafi. Mutum zai ƙulle ledarsa tsaf, ya ajiye a gefen hanya, ya ce zai ɗauka a dawowa. Wasu ma a reshen bishiya suke rataye ta, sai ka ce sun yi wa bishiyar ado. Angus ya ce ashe ga sauƙi. Shi ma ya fara. Wata rana ya tuna, wata rana ya manta.

A ajinsu akwai wata yarinya mai suna Tahlia. A keken guragu take tafiya tun tana ƙarama. Da hannuwanta take murza tayoyin, kuma in ta sa gudu ba kowa ke kamo ta ba.

Tahlia ta daɗe tana roƙon mamarta ta bar ta ta riƙa zuwa makaranta ita kaɗai, ta hanyar bakin rafi, kamar sauran yara. Mamarta, Misis Rosetti, tana tsoro. Sai a wannan zangon karatu ta yarda. Amma ta ce in aka samu matsala ko sau ɗaya, za a koma mota.

Tun daga nan Tahlia take isowa makaranta hularta a karkace, tana haki, tana dariya. Kowa ya gan ta ya san tana cikin farin ciki.

Wata safiya Rusty ya tsuguna daidai bakin ƙaramar gadar katako, inda hanya ta tsuke. Angus ya kwashe, ya ƙulle, ya ajiye ledar a gindin gadar. A filin ƙwallo ya gamu da abokinsa Hamish. Suka buga ƙwallo, suka shagala, suka koma gida ta babban titi. Leda kuwa ko a ransa.

Ana gab da kaɗa ƙararrawa Tahlia ta shigo ƙofar makaranta. Ba ta dariya. Tana murza keken da ƙyar, da ƙarshen yatsunta. Tafin hannunta ya ɓaci. Hannun rigarta ya ɓaci. Har gefen siket ɗinta ya samu.

Yara suka fara toshe hanci suna ja da baya.

"Kai! Wa ya mutu a nan?" in ji Hamish. Wasu suka tuntsire da dariya.

Malama Kostas, malamar ajinsu, ta rugo da gudu. "Hamish, rufe mini baki! Tahlia, me ya faru?"

"Leda ce, Malama, a bakin gada," in ji Tahlia. "Wata koriyar leda. Ganye ya rufe ta, ban gani ba. Taya ta taka, ta fashe. Kuma dole in ci gaba da murzawa, in ba haka ba ina zan je?"

Sai ta fashe da kuka.

Angus ya san ledar. Ya san hannun da ya ajiye ta. Amma ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba.

Malama ta tafi da Tahlia ta wanke mata hannu. Ba a jima ba Misis Rosetti ta zo da mota ta ɗauke ta. Washegari a mota aka kawo ta, haka ma kashegarinsa. Tahlia ta daina dariya. Lokacin hutun tara ma a cikin aji take zama, tana kallon taga.

Da yamma a gida, Angus ya zauna yana juya dankali a faranti.

"Angus, lafiyarka kuwa?" in ji mamarsa. "Kai da ko faranti kake neman cinyewa?"

Sai hawaye ya zubo wa Angus. Ya faɗi duk abin da ya faru.

"Amma ai na kwashe, Mama," ya ce. "Na sa a leda, na ƙulle."

"Ka ƙulle, ka kai ina?"

"Na ce zan ɗauka a dawowa."

"Ka ɗauka?"

Angus ya girgiza kai.

Babansa ya ajiye cokali. Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo. "Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido," ya ce. "Amma wannan karon ba idonka ya tsone ba, na wata ya tsone. Tashi ka ɗauko bokiti da buroshi."

Da suka isa gidan su Tahlia, Misis Rosetti ce ta buɗe musu ƙofa. Angus ya tsaya da bokiti a hannu. Ya ce, "Ni ne na ajiye ledar. Ku yi haƙuri."

Tahlia ta murzo kekenta daga falo. Ta daɗe tana kallonsa.

"Kana tsaye a wurin ana yi mini dariya," ta ce. "Ba ka ce komai ba."

"Na ji tsoro."

"Ni ma na ji tsoro, ai. Ka san abin da ya fi mini ciwo? Ba warin ba ne, wari sabulu ya wanke. Hanyar ce. Ita kaɗai ce wurin da ba wanda yake tura ni."

Angus ya durƙusa ya fara goge tayoyin. An riga an wanke su da tiyo, amma akwai saura maƙale a cikin zanen taya. Ya goge, ya ɗauraye, ya sake gogewa, har hannunsa ya yi ja.

Da ya gama sai ya ɗaga kai. "Misis Rosetti, ba zan ƙara ba. Don Allah ki bar ta ta koma bin hanyar."

"Na gode da ka zo, Angus," in ji ta. "Ba kowane yaro ne zai iya ba. Amma jiya na bi hanyar da ƙafata. Ledoji ko'ina, wani ma ko ledar babu. Ba kai kaɗai ba ne. Ba zan sake barin 'yata ta shiga wannan ƙazanta ba."

Daga ranar Angus ya fara fita da babbar leda. Yana kwashe na Rusty, yana tsince na wasu. Amma in ya share yau, gobe sai ya tarar da sababbi. Akwai allo a bakin hanya da aka rubuta cewa za a ci tarar duk wanda ya bar kashin karensa. Allon ya koɗe, ba mai ko kallonsa.

Wata safiya ya ga Mista Doyle, wani dattijo mai manyan karnuka biyu, ya ajiye leda a gindin bishiyar turare.

"Ina kwana, Mista Doyle. Ka manta da ledarka."

"Ban manta ba, yaro. A dawowa."

"Ni ma haka nake cewa da."

"To kai ne sabon ɗan sandan unguwa?" in ji Mista Doyle yana dariya. Ya ja karnukansa ya yi gaba.

Angus ya ba Tahlia labari a makaranta.

"Ba su san yadda abin yake ba ne," ta ce. "Su da takalmi suke takawa. Akwai tsohon kekena a gareji. Ran Asabar ka zo ka turo shi."

Ran Asabar da safe suka tsaya a bakin gada. Ga tsohon keke, ga kwali cike da fararen safar hannu da Malama Kostas ta ba su. Baban Angus da Misis Rosetti suka zauna a benci suna kallo. Hamish ma ya zo, yana ta sosa ƙeya, ya riƙe igiyar Rusty.

Duk mai kare da ya zo wucewa, sai Tahlia ta ce, "Ina kwana. Don Allah ko za ka zauna a kekena, ka murza zuwa waccan bishiyar ka dawo?"

Wasu suka ce sauri suke yi. Wata mata ta zauna ta gwada. Ta dawo ta kalli hannunta, sannan ta tafi.

Sai ga Mista Doyle.

"Yau kuma wasan me ake yi?" ya ce.

"Ba wasa ba ne," in ji Tahlia. "Haka nake zuwa makaranta."

Mista Doyle ya ba Angus igiyoyin karnukansa. Ya sa safar hannu, ya zauna da ƙyar. Ya murza, keken ya karkata hagu. Ya murza, ya karkata dama. Ya hango leda a gabansa, ya so ya kauce, keken ya ƙi. Da ƙyar ya wuce ta gefenta. Ya kai bishiya ya dawo yana nishi.

"Duba hannunka," in ji Tahlia.

Ya duba. Fararen safar sun koma baƙi ƙirin. Duk abin da taya ta taka, yana nan a tafin hannunsa.

"Da wannan hannun nake riƙe fensir," in ji Tahlia a hankali. "Da shi nake cin abincina."

Mista Doyle ya daɗe a zaune. Sannan ya miƙe, ya cire hularsa.

"Yarinya, shekaruna sun kai saba'in, amma ban taɓa tunanin wannan ba. Ki yafe mini."

Ya koma da baya har gindin bishiyar turare, ya ɗauko ledar da ya ajiye ɗazu. Ya ɗauki wata a kusa da ita wadda ba tasa ba ce. Gani ya kori ji.

Washegari ya jawo wani tsohon kwandon shara mai taya daga gidansa, ya ajiye a bakin gada. Ya ce shi zai riƙa fitar da shi ranar da motar shara take zuwa. Kuma duk wanda ya gani ya ajiye leda a ƙasa, tun daga nesa yake daka masa tsawa. Labarin keke ya zaga unguwa. Mutane suka fara jin kunyar juna.

Hanyar ba ta gyaru a rana ɗaya ba. Amma a hankali ledoji suka ɓace daga gindin bishiyoyi.

Wata safiyar Litinin Misis Rosetti ta fito da makullin mota a hannu. Ta ga Tahlia a bakin ƙofa, jaka a baya, tana kallonta. Misis Rosetti ta riga ta bi hanyar jiya da yamma, tun daga farko har ƙarshe. Ta kalli makullin, ta jefa shi cikin aljihu.

"Je ki," ta ce. "Kar ki yi gudu a kan gada."

Tahlia ta yi ihun murna. Ta tarar da Angus a kwanar hanya. Ya kai hannu zai tura ta.

"Kul!" in ji ta. "Kai dai yi ƙoƙari ka kamo ni."

Ta murza taya ta bar shi a baya, shi kuwa ya bi ta da gudu yana dariya.

Yara, in kuna da kare, ku kwashe abin da ya yi, ku kai shi kwandon shara nan take. Hanya ta kowa ce. Ƙazantar da ka bari a ƙasa ba ɓacewa take yi ba, wani ne zai kwashe ta da ƙafarsa ko da hannunsa.