Nas Ɗin da Ta Kori Ɗan Fari

Ranar da Shafa'atu ta fara ganin Umar Faruq, korarsa ta yi.

A wani asibiti ne a unguwar Camberwell ta birnin Landan, inda take aikin nas. Yawancin mako tana kan marasa lafiya, ranar Laraba kuma tana aji a Aldwych, tana karatun zama nurse practitioner, wato nas ɗin da za ta duba mutum da kanta har ta rubuta masa magani. A ranar an ba ta ɗaki ta gwada hannu. Sista Kachollom, 'yar Jos da ke kula da karatunta, tana gefe tana kallo.

Wani dattijo ya shigo, Alhaji Lawal, da dogon saurayi a bayansa.

"Baba, me ke damunka?"

"Gajiya ce kawai," in ji saurayin. "Sai ciwon baya."

Duk abin da ta tambaya, shi ke amsawa. Ta lura dattijon ba ya kallonsa, in zai ambace shi kuma sai ya ce "wannan yaron". Nan ta gane ɗan fari ne. Mutumin da ba ya iya kiran sunan ɗansa, yaya zai faɗi ciwonsa a gabansa?

"Malam, ɗan jira mu a waje."

"Ni? Ai ni na yi booking ɗin."

"An gode. Ga ƙofa nan bayanka."

Ya fita yana waiwayenta. Ƙofa na rufewa, Alhaji ya yi ajiyar zuciya, ya faɗi abin da ya daɗe yana ɓoyewa: jini yake gani a fitsarinsa, ko matarsa ba ta sani ba. Shafa'atu ta duba cikinsa, Kachollom ta sake dubawa, suka tura shi wajen likitan mafitsara.

"'Yata, maganar nan ta tsaya nan."

"Ta tsaya, Baba. Amma da ka gaya wa Hajiya da bakinka, da ya fi."

Ya gyara rigarsa ya fita. Kunya abu ne mai kyau, amma wadda za ta sa mutum ya zauna da ciwo shiru ba ta da wani suna sai wauta.

Sai bayan watanni ta sake haɗuwa da Faruq, a tashar bas ta Aldwych, tana rungume da littattafai.

"Ke ce kika kore ni."

"Mutane da yawa nake kora. Wanne ne kai?"

Ya yi dariya. Ya ce a council, ofishin ƙaramar hukuma, yake aiki, kuma tun ranar tambaya ɗaya ke cinsa: me mahaifinsa ya faɗa mata?

"Sai ka tambaye shi."

"To ga wata. Kina da aure?"

Bas ɗinta ya zo, ya wuce, ba ta shiga ba. Amma ba ta ba shi lamba ba sai da ta sanar da Kachollom. Sistar ta ce, "Tsohon ya bar hannunki, saboda haka ba laifi. Amma kada ki sake buɗe file ɗinsa, ko da wasa. Yaron dai yana da kyau, sai surutu."

Daga nan saƙo ya fara gudana.

"Nas ɗina, kin ci abinci ko kin ci littafi?"

"Littafi, Malam Tambaya. Babu gishiri."

"Me ya sa kike karatu bayan kina da aiki?"

"Na gaji da ganin ciwo da idona in tsaya jiran wani ya zo ya faɗi sunansa."

"To ni me kika gani a kaina?"

"Har yanzu ina bincike."

Binciken ya kai su ga maganar aure. Kawunta da ke Tottenham, wanda ya riƙe ta tun zuwanta ƙasar, ya ce a turo manya. Sai mahaifiyar Faruq, Hajiya Zarah, ta ji ko wace ce yarinyar, ta ce a kawo mata ita.

Ranar Lahadi da rana Shafa'atu ta durƙusa a falonsu ta gaishe ta. Alhaji na jin muryarta ya shige ɗaki.

"Ke ce kika ɗaga wa mijina riga?"

"Aikina ne, Mama."

"Suruka da suruki, ko ido ba sa haɗawa a inda na fito. Ke kin taɓa masa ciki. To na bar wannan. Kullum yana zuwa asibiti, yana ɓoye ƙwayoyi a aljihun babbar riga, ya ce mini ciwon baya. Ni yarinya ce? Me ke damunsa?"

Shafa'atu ta lura da muryar matar. Ba faɗa ba ne, tsoro ne. Ta ji kamar ta faɗa, ko don matar ta yi barci.

"Mama, ki yi haƙuri. Ba nawa ba ne da zan bayar. Shi za ki tambaya."

"Na gani. Tun ba ki shigo ba kin san abin da ban sani ba a gidana. Tashi ki je. Ga Fausia 'yar ƙawata nan, ba ta taɓa ce mini a'a ba."

Kafin ta kai tashar tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, saƙon Faruq ya shigo.

"Shafa, kalma ɗaya kawai. Ki ce mata ba mai kisa ba ne, shi ke nan."

"Ban san sakamakonsa ba, ban kuma nema ba. Abin da na sani ma ba zan faɗa ba."

"Ko da zai raba mu?"

Ta rubuta masa:

"Ko da zai raba mu, masoyina."

Daga nan ya daina turo saƙo, kuma ya yi kuskure. Namijin da ke son mace ta karya amana dominsa bai yi tunanin ranar da tasa amanar za ta shiga hannunta ba. Shafa'atu ta yi kukanta a banɗakin ma'aikata, ta wanke fuska, ta koma bakin aiki. Ta shiga jarrabawa da kumburarrun idanu. Aka ce mata an ga Fausia a gidan su Faruq tana soya miya. Ba ta kira kowa ba.

Wata Asabar kawunta ya ce ta sauko, tana da baƙi. Ta tarar da Alhaji da Hajiya a zaune, Faruq a bakin ƙofa kansa a ƙasa.

Alhaji bai kalle ta ba, bango ya kalla.

"Na ji abin da aka yi a falona. Ina ɗaki ina ji, na kasa fitowa. Yarinya ta rufa mini asiri, ni na bar ta tana biya." Ya gyara murya. "Na gaya wa Hajiya komai. Kumburi ne irin na maza in shekaru sun ja, ana ba ni magani, da sauƙi. Na zo nema wa wannan yaron aure."

"Wai fitsari!" in ji Hajiya, tana share hawaye. "Ni ina can ina tunanin likkafani, ashe fitsari ne!"

"Hajiya, a gaban yara?"

Kawu ya kasa riƙe dariya. Wayar Shafa'atu ta yi motsi a hannunta.

"Nas ɗina, na yi wauta. Akwai maganinta?"

"Akwai. Amma a hankali ake warkewa."

Aka ɗaura aure a Tottenham bayan fitowar sakamakonta, ta ci. A wajen walima Kachollom ta fi kowa rawa. Ana cikin hidima Hajiya ta ja amarya gefe, ta rage murya.

"'Yata, akwai wani abu da nake ji nan ƙarƙashin haƙarƙari. Amma kada Alhaji ya ji. Kada mijinki ya ji."

"Ba mai ji, Mama. Ni dai yanzu 'yarki ce, ba zan duba ki ba. Jibi zan raka ki wajen likitanki, in jira a waje."

Hajiya ta riƙe hannunta da hannu biyu, ta daɗe ba ta saki ba.

"Allah ya yi miki albarka. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu kama bakinsu irinki."

Daga nesa Faruq ya ɗaga gira, yana tambayar me aka ce. Amarya ta yi masa murmushi, ta girgiza kai.