Saƙon da Umma Ta Karanta

Ranar da kwamfutar shagon buga takardu ta ƙi motsi, ɗalibai sun cika benci suna tsaki, Auta mai kula da shagon kuwa kamar ta fashe da kuka. Wani dogon saurayi da ke layi ya ce, "Ko in duba miki?"

Ya sa mata wata manhaja ta kyauta da shi da abokansa suka rubuta, mai nuna duk aikin da ke gudana a cikin na'ura da wanda ke cinye mata ƙarfi. Ya nuna layin sama. "Ga mai laifin." Yana kashe shi kwamfuta ta warware. Auta ta ɗago za ta yi godiya, suka haɗa ido, ta manta abin da za ta ce.

Tun daga nan saurayin, wanda ake ce wa Injiniya, bai ƙara rasa takardar da zai kawo mata bugawa ba.

Da maganar aurensu ta taso, Abba dai bai so ba. Ɗan abokinsa mai sayar da kwamfutoci yake yi mata sha'awa. "Mutumin da ke raba guminsa kyauta, da me zai riƙe mace?"

Ana cikin haka, wata safiya Auta ta bar wayarta a kicin. Saƙon Injiniya ya shigo, idon Umma ya faɗa a kai:

"Zumata, kada ki wahala da bin 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya. Kashe uwar kawai, su ma za su bi ta. Ba abin da zai same ki."

Umma ta saki ludayi ta rafka salati. "Ni za a kashe? Ni da na haife ki?"

Rantsuwar Auta ba ta yi amfani ba, sai da Abba ya sa aka kira Injiniya. Ya zo gumi na keto masa, ya durƙusa a falo ya buɗe kwamfutarsa. "Umma, dubi nan. Babban aiki shi muke ce wa uwa, ƙananan da ya buɗe su ne 'ya'ya. Na'urar shago ce ta sake tsayawa jiya."

Abba ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Umma ta juya kai, amma kafaɗunta na rawa.

Da Abba ya nutsu ya ce, "To wannan aikin kyauta da kake yi fa?"

"Ina da aikina a kamfani, Abba, zai riƙe mu. Wannan kuwa, ni ma a kyauta wasu suka koya min."

Abba ya gyaɗa kai. "Turo magabatanka."

Ranar kai amarya Umma ce ta fi kowa kuka. Ta kama hannun Auta ta sa a nasa. "Ga amana, ɗana. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari."

"Amin, Umma," in ji shi. A ƙarƙashin mayafi Auta ta matse yatsunsa, ta ƙi saki.