Fasinjojin Bas ɗin Malam Lado

Ranar da abin ya fara, Malam Lado yana wanke bas ɗinsa ne kamar yadda ya saba bayan la'asar. Rana ta faɗa bayan duwatsun Dutse, inuwarsu ta rufe unguwar, awaki na shigowa gida da kansu. A tsakar gida matarsa Kubura tana tuƙa tuwo, 'yarsu Zakiyya, budurwar da ba ta daɗe da sauke Alƙur'ani ba, tana kaɗa miya.

Motar ba ta tafiya. Doguwar motar bas ce irin ta da, wadda ya tuƙa a cikin birnin Kano tun yana saurayi, daga Bata zuwa Kurna, daga Fagge zuwa Kasuwar Rimi. Da kamfanin sufurin ya durƙushe, aka jibge motocin a wani fili bayan gari ƙarƙashin tsamiyoyi, shi kuma ya dawo gida lokacin da aka ƙirƙiro Jigawa, ya kama noma. Shekaru suka shuɗe. A shekarar da ake ta maganar ƙaddamar da shari'a ya ji labarin za a yi gwanjon motocin ga 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ya sayar da shanun huɗarsa ya je ya fanso tasa, janwe, motar jan matattun motoci, ya jawo ta har ƙofar gidansa. Ya kankare tsatsa, ya sake mata fenti, ya ɗinke kujerun da hannunsa. Masu dariya suka yi ta yi. Amma tsofaffin da suka yi zaman Kano sukan zo su zauna a ciki da hantsi, kowa yana nuna kujerar da ya saba zama, suna tuna zamanin da kwandasta ke sa kaki yana yaga tikiti.

"In aka narkar da ita," in ji Malam Lado, "wa zai yarda an taɓa yin wannan zamanin?"

Yana goge gilashin gaba sai ƙararrawar sauka ta kaɗa a cikin motar.

Hannunsa ya tsaya cak. Babu batir a motar, kuma igiyar ƙararrawar ɓeraye sun cinye ta tun a Kano. Ya leƙa ciki. Kujeru ne kawai a jere, duhu na taruwa a can baya. Ya yi ta'awizi ya sauko, ya bar bokitinsa a ciki. Ladan na ɗaga murya dutse na farko ya faɗo kan rufin ɗakin Kubura. Wani ya biyo baya, wani ya fasa randa. Maƙwabta suka fito, aka zagaye katanga, babu kowa. Da Malam Lado ya ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun, sai ya ji shi da ɗumi, yana warin baƙin mai.

A cikin wannan ruɗanin ba wanda ya lura Zakiyya ta fita ɗauko bokiti. Bayan an idar da salla aka same ta zaune a kujerar ƙarshe, ta haɗa hannu a cinya kamar mai jiran a iso tasharta. Uwar ta kira ta, ba ta amsa ba. Uban ya kama hannunta, ya ji shi sanyi ƙalau. Ta ɗago kai ta dube shi da idon da bai san shi ba.

"Direba," ta ce, da muryar tsohuwa, "ka wuce da mu."

Daga ranar gidan ya daina zama gida. Da rana Zakiyya na kwance fuskarta a bango, ba ci, ba magana. Rana na yin ja sai ta miƙe ta tsaya a bakin zaure tana kiran suna ɗaya da wata irin murya mai ja: "Gwadabe! Gwadabe!" Babu mai wannan suna a danginsu kaf. Tana kira duwatsu na zuba, daga cikin motar kuma ana jin gunaguni kamar na mutane cike, tari, kukan jariri, motsin ƙafafu. Tsofaffin nan suka ɗauke ƙafa. Mata suka sauya hanyar zuwa rijiya. An kai yarinyar asibiti, aka duba, aka ce ba a ga komai ba.

"Malam, ka fitar mana da motar nan," in ji Kubura. Idanunta sun kumbura da kuka.

"Ƙarfe ne fa, Kubura. Me ƙarfe zai yi?"

"To dubi 'yarka."

Ya dube ta. Wuyanta ya zama kamar sillen kara, leɓɓanta sun tsage. Washegari da sassafe ya hau mota zuwa Aujara, wajen Malam Abdulwahab, wani dattijo mai makarantar allo da aka sani da yin ruƙiyya.

Malamin ya iso da la'asar, da butarsa da Alƙur'aninsa. Bai shiga gida ba sai da ya zagaya motar a hankali, ya tsaya jim a ƙofar baya. Sannan ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka lulluɓe Zakiyya da mayafi, uwarta ta riƙe mata kafaɗu. Ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Ya daɗe a cikin Baƙara ba abin da ya motsa. Yana shiga Ayatul Kursiyyu jikin yarinyar ya sandare, ta saki wata ƙara da ta sa kaji suka watse daga akurki.

"Ya isa! Ya isa, kana ƙona ni!"

"Wace ce ke?" in ji Malam Abdulwahab.

"Ni ce mai motar."

"Motar tana da mai ita. Ga shi nan zaune."

Dariya ta fito daga ƙarƙashin mayafin, busasshiya. "Shi ya tafi ya bar ta. Mu muka shiga da ruwa ya sauko. A cikinta na aurar, a cikinta na yi jikoki. Ku duba sauran motocin, duk ƙasansu ya ruɓe. Wa ya tsare wannan?"

Gaskiya ne, ita kaɗai Malam Lado ya tarar da ƙasanta lafiya, har ya yi ta yi wa mutane alfahari da haka.

"Musulma ce ke?" in ji malamin.

"Musulma ce."

"To me yarinyar nan ta yi miki da za ki zalunce ta?"

Da muryar ta dawo, babu sauran dariya a cikinta. "Da magariba ya ja motar. Bai yi sallama ba, bai ce komai ba. Autana Gwadabe ya fita wasa kan tsamiya. Ina kiransa motar na tafiya, ina kiransa har muka haye gadar Wudil. Ya raba ni da nawa, na riƙe tasa."

Kubura ta fashe da kuka. Malam Lado ya sunkuyar da kai. Ya tuna yammacin nan sarai, yadda ya yi ta azalzalar direban janwe su kama hanya kafin duhu.

"Bai sani ba," in ji Malam Abdulwahab. "Ba ya ganinku. Ki fita, ki tafi ki nemi ɗanki."

"Ban san hanya ba. A mota aka kawo mu. A yanka mini baƙin bunsuru a ƙofarta, in yi tunani."

"Ba za a zubar miki da jini ba ko na ƙadangare. Yanka na Allah ne." Ya ɗaga murya ya ci gaba da karatu. Yarinyar ta yi ta birgima tana kururuwa har sai da muryar ta dushe.

"To a mai da mu," ta ce da kyar. "A mai da motar inda aka ɗauko ta, a bar mana ita. In ya yi alkawari, yanzu zan fita."

Malamin ya juyo ya dubi Malam Lado. "Dukiyarka ce. Ba zan tilasta ka ba. In ka ƙi, mu ci gaba da karatu har Allah Ya kawo sauƙi, sai dai jikin yarinyar ya yi rauni."

Ta ƙofar zaure Malam Lado yana hango gaban motar, sabon fentin yana ɗaukar sauran hasken yamma. Ya san in ya mai da ita, 'yan gwangwan ba za su bar ta ta kwana biyu ba.

"Allah gafarta Malam, na yi alkawari," ya ce.

Malamin ya sa aljanar ta rantse da Allah ba za ta dawo ba, ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafa. Ƙafar hagun Zakiyya ta yi ta karkarwa, ta miƙe, sannan ta saki. Yarinyar ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce da muryarta, "Inna, ƙishirwa."

Kwana biyu bayan haka janwe ya zo. Malam Lado ya zauna a kan sitiyari yana bin bayansa, shi kaɗai a cikin motar, bai waiwaya ba ko sau ɗaya. Direban janwen ya yi ta mita, wai bai taɓa jan motar da babu kowa a ciki mai nauyin wannan ba.

Sun isa Kano rana na shirin faɗuwa. Filin ya sauya. An kwashe motocin duka, an sare tsamiyoyin, an kafa tubalin shaguna. A wani lungu da ya rage suka kwance ta. Malam Lado ya buɗe ƙofofin biyu, ya yi sallama, ya sauko ya koma gefe. Yana kallo motar ta riƙa jijjiga a hankali, tana ɗagowa kaɗan-kaɗan kamar yadda take yi in fasinja na sauka a Bata. Da ta tsaya, sai ya ji muryar tsohuwar daga wajen kututturan tsamiyoyin, tana kira, tana matsawa gaba, tana sake kira. Ya tsaya har duhu ya rufe, yana kasa kunne. Babu wanda ya amsa.

Da ya dawo Dutse washegari, ya tarar da Zakiyya zaune a tabarma tana shan kunu, uwarta na taje mata kai. Ta yi masa sannu da zuwa. Sai da ya zauna ya sha ruwa sannan ta ajiye ludayin.

"Baba, ta same shi?"

Kubura ta daina tazar. Malam Lado ya dubi 'yarsa, ya ga yadda ta ƙura masa ido tana jira.

"Sha kununki kada ya huce," ya ce. Ya ɗauki buta ya fita.