Mai Fiton Tafkin Bayan Birni

Lawali mai gyaran rediyo yakan ce duk Damagaram babu abin da ba ya jin maganarsa. Ƙarfe ma, in ya murɗa, sai ya juyo.

Da ɗan gaskiyarsa. Wani Bafaranshe da ya yi wa aiki ya bar masa akwatin sarrafawa da ƙaramin inji, shi kuma ya ƙera jirgin ruwa kamu ɗaya da gwangwanayen kifi, ya liƙe da dalma. Daga bakin ruwa yake tuƙa shi, ba zare ba igiya. Saboda jirgin nan aka yi masa alkawarin aiki a Yamai, shekarar samun 'yanci. Mota za ta tashi ran Asabar.

Ran Juma'a ya ce bari ya gwada shi gwajin sallama. Ya nufi tafkin bayan Birni, can cikin duwatsu, rana na faɗuwa.

Ya ɗora jirgi a ruwa, ya kunna akwati. Akwatin kuwa yana da wani hali: in pil, wato batir, ya yi sanyi sai ya kama fito, siriri, kamar na makiyayi. Kowa ya san ba a fito da magariba. Lawali ya ce wannan dokar mutane ce, ba ta inji ba.

Jirgi ya kai tsakiya. Kwaɗi suka yi tsit.

Wani wari ya taso, na jiƙaƙƙen gashi da toka.

Ya murɗa hagu. Jirgi ya miƙe gaba abinsa, har wancan gaci, ya tsaya kamar mai ɗaukar kaya. Da ya juyo, ya nutse har baki, yana tafe da ƙyar. Ba kowa a ciki.

Ya iso gabansa. Jirgi ya ɗago kaɗan. Ya ƙara ɗagowa.

Sawaye suka fara fitowa a laka, ƙanana, dugadugansu na gaba.

"Sannu da aiki, mai fito," in ji wata murya daidai kunnensa.

"Ni... ba mai fito ba ne. Akwati ne ya yi."

"Fito muka ji, fito muka samu. Mun daɗe muna zagaye. Gobe ma war haka."

"Gobe ina Yamai."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, ta mutum da yawa.

"Ranar da jirgi bai zo ba, kai za mu hau."

Bai san yadda ya kai gida ba. Takalmi ɗaya dai ya kai.

Mota ta tashi ba shi. Shekara bakwai ke nan, kowace magariba yana bakin tafki. Da rani, in ruwa ya ƙafe, a kan busasshiyar laka yake ajiye jirgin, ya juya baya.

A majalisa kuwa cewa yake shi ya ƙi Yamai, wai ba su da ruwan da ya dace da jirginsa.

Rannan yana cikin wannan cika baki, abokinsa Modu tela ya jawo akwatin, ya ɓalle murfin.

Ba pil ko ɗaya. Zanzaro ya yi gida a ciki, ginin har ya tsufa.

"To Malam Lawali," in ji Modu, "da kai da jirgin, wa ke murɗa wani?"

Lawali ya dubi rana, ya karɓi akwatinsa, ya tashi.