Fitilar Kwanar Masunci

Da safe Kawu Lefteris, mai gadin tsohon haikalin da ke bayan garin Gitiyo, ya tarar kan wani gunkin farin dutse ya yi ɓatan dabo. Kan bai fi lemo girma ba. Makulli a hannunsa yake, don haka kowa ya ce shi ne. In kan bai fito ba, a gidan yari zai ƙarasa tsufansa.

Sufeto Fotini Mavridu ba ta saurin ɗaukar maganar gari. Baƙin jiya kaɗan ne: miji da mata 'yan Suwidin masu zaga gaɓar teku a motar haya, sai Tanasis, direban bas ɗin masu yawon buɗe ido, da ya zo shi kaɗai. Aka caje motocin kaf, ba komai.

"Mun yi hoto mun wuce," in ji matar.

Tanasis kuwa dariya ya yi, yana kaɗa carbin wasansa mai jan zare. "Ranki ya daɗe, duwatsun nan sun ishe ni. Kullum su nake kallo. Ko kyauta aka ba ni, miya zan yi da su?"

"Ka shiga ciki?"

"Na shiga. Kawu ya je ya dafa min gahawa, na sha, na fito."

Da la'asar ta bi hanyar bakin teku za ta koma ofis. A wata kwana akwai irin akwatin ƙarfen da ake kafawa inda haɗari ya ci rai, da hoton waliyyi da fitilar man zaitun. Na wani masunci ne da danginsa suka daɗe da ƙaura. Tun da take bin hanyar ba ta taɓa ganin wuta a ciki ba. Yau fitilar na ci.

Ta taka birki. Bayan hoton ga kan gunkin, naɗe da tawul. Lagwanin fitilar kuma jan zare ne.

Ta sami Tanasis a tasha.

"Miƙo carbinka."

Ya miƙo. Jan tuntun bakin carbin babu shi, sai guntun zare.

"Ka san za a caje motoci, ka ajiye kan a hanya sai ƙura ta lafa," in ji ta. "Baƙo da ya ɓoye ya wuce abinsa. Sai ɗan ƙasar nan ne zai buɗe akwatin mamaci ya kasa barinsa cikin duhu. Mai akwai a kwalba, lagwani ne babu."

Hali zanen dutse. Tanasis ya daɗe yana kallon carbin.

"Na shiga ɗakin mutum da kayan sata, ranki ya daɗe. Ko wuta ba zan kunna masa ba?"

Aka mayar wa Kawu Lefteris makullinsa. Bai yi wa kowa godiya ba. Washegari dai an gan shi a kwanar masuncin, da kwalbar mai da sabon lagwani.